SAP: asalin kamfanin, abin da yake sayarwa, da ko ya dace akanta ya koye shi

Wani matashi da ya karanci akanta, yanzu yana hidimar ƙasa, ya aiko mini da tambaya. Ya ce duk tallan aikin da ya gani daga manyan kamfanoni, na siminti ne ko na mai ko na sadarwa, sai ya tarar an rubuta ana son wanda ya iya SAP. Yana so ya san mene ne SAP ɗin nan, su wa suka yi shi, me suke sayarwa, kuma ko ya dace ya zuba ɗan abin da ya tara daga alawus ɗinsa wajen koyo.

To, ƙanena, abu na farko: SAP sunan kamfani ne kafin ya zama sunan manhaja. Kamfanin Jamus ne, hedikwatarsa tana wani ƙaramin gari da ake kira Walldorf, kusa da Heidelberg, kuma yana da ma'aikata sama da 100,000 a duniya. Amma in ka ji ma'aikaci ya ce "ban saka shi a SAP ba tukuna", manhajar da kamfaninsu ke tafiyar da lissafi da sito da saye da sayarwa yake nufi. Irin wannan manhaja ita ake kira ERP. Na shafe shekaru ina aikin girka ta a masana'antu, kuma abin da zan gaya maka shi ne ba za ka gane kayan SAP ba sai ka gane matsalar da aka kafa kamfanin domin ta. Matsalar nan ɗaya ce tun 1972, har yau ba ta canza ba.

Ɗauki masana'antar da ba ta da irin wannan manhaja. Mai kula da sito yana da littafinsa. Mai sayayya yana da nasa. Akanta yana da nasa, mai sayarwa ma haka. Tirela ta sauke buhu 600 na sukari ranar Litinin, mai sito ya rubuta. Takardar ba za ta isa teburin akanta ba sai Alhamis, in ma ta isa. Kafin nan mai sayarwa ya riga ya yi wa kwastoma alkawarin kayan da babu. In wata ya ƙare sai a zauna ana daidaita littattafai huɗu da kowanne ke faɗin nasa, a kwana a ofis ana neman inda naira dubu 40 ta maƙale. A farkon shekarun 1970 manyan kamfanonin Turai suna da kwamfuta, amma halin da suke ciki bai wuce wannan da nisa ba. Ana tara bayanan yini a kan katunan da aka huhhuda, da dare a zuba wa babbar kwamfuta, da safe a karɓi sakamako a takarda. Kowane sashe da tasa manhajar, kuma kowane kamfani sai ya sa an rubuta masa tasa daga tushe, kamar ɗinkin tela.

A shekarar 1972 mutum biyar da suka yi aiki a reshen IBM na Jamus suka kafa nasu kamfani: Dietmar Hopp, Hasso Plattner, Klaus Tschira, Hans-Werner Hector da Claus Wellenreuther. Tunani biyu suka zo da shi. Na farko, a riƙa shigar da bayani ta allo a lokacin da abu ya faru, kuma nan take ya bayyana a duk inda ya shafa. Na biyu, a rubuta manhaja guda ɗaya da za a sayar wa kamfanoni da yawa, tunda yadda ake sayen kaya da biyan kuɗinsu kusan iri ɗaya ne ko sabulu kake yi ko taya. Yau wannan magana kamar ba komai ba ce. A wancan lokacin ita ce duk jarinsu, don ko kwamfutar kansu ba su da ita. Kwastomansu na farko wata masana'antar zaren nailan ce ta kamfanin ICI na Ingila da ke garin Östringen, kuma a kan kwamfutar masana'antar suke rubuta manhajarsu, galibi da dare da ranakun hutu lokacin da masu ita ba sa amfani da ita. Wannan zama da suka yi a cikin masana'anta, suna ganin yadda mai sito da akanta ke aiki da idonsu, ina ganin shi ya bambanta su da sauran masu rubuta manhaja na zamanin.

A 1973 suka fitar da manhajar lissafin kuɗi mai suna RF, wadda daga baya aka haɗa da 'yan'uwanta aka kira su R/1. Harafin R ɗin nan yana nufin aiki nan take, ba sai an jira dare ba. A 1977 suka koma Walldorf. A 1979 R/2 ta fito, wadda ke aiki a kan manyan kwamfutocin nan masu cika ɗaki, ta haɗa lissafi da sito da sarrafa kaya da sayarwa wuri guda. Akwai wani abu da zaman Turai ya tilasta musu wanda ya zame musu alheri: kwastomansu na Jamus suna da rassa a Faransa da Ostiriya da Suwizalan, kowace ƙasa da kuɗinta da harshenta da dokar harajinta. Dole tun da wuri manhajar ta iya aiki da kuɗaɗe da harsuna daban-daban. Abokan hamayyarsu na Amurka, da ke da babbar kasuwa mai dala ɗaya da harshe ɗaya, ba su damu da wannan ba sai da lokaci ya ƙure. A 1988 kamfanin ya shiga kasuwar hannayen jari ta Jamus.

Abin da ya mai da SAP gagarabadau shi ne R/3, wadda ta fito a 1992. Ita ba ta buƙatar babbar kwamfutar IBM. An raba aikin gida uku: rumbun bayanai a na'ura ɗaya, injin da ke sarrafa aikin a wata, sannan allon ma'aikaci a kan kwamfutar teburinsa. Kamfanin da a da ba zai iya sayen babbar kwamfuta ba yanzu zai iya shiga. Kuma ta zo a kan gaɓa. A shekarun 1990 manyan kamfanonin Amurka suna cikin zazzaɓin sake fasalin yadda suke aiki, manyan kamfanonin ba da shawara kuma suka ga abinci, domin girka R/3 aiki ne na shekara da shekaru da ke cin ɗaruruwan ma'aikata. Sai ga fargabar shekarar 2000, lokacin da aka ji tsoron tsofaffin manhajoji masu rubuta shekara da lamba biyu za su rikice, ga kuma kuɗin yuro da ya shigo a 1999. Kamfanoni da yawa suka ga gara su watsar da tsohuwar manhajarsu su sayi sabuwa da su tsaya faci. Abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki. A 1998 SAP ya shiga kasuwar hannayen jari ta New York.

R/3 ce ta rikiɗe ta zama ECC a tsakiyar shekarun 2000, kuma ECC 6.0 ita ce har yanzu za ka tarar a kamfanoni da yawa. Tunda kai akanta ne, bari in tsaya a nan, domin nan ne tambayarka take.

Manhajar a rarrabe take sassa-sassa, kowanne da gajeren suna. FI shi ne lissafin kuɗi da ake nuna wa odita da hukumar haraji. CO lissafin cikin gida ne, wato nawa kowane sashe ya ci, nawa buhu ɗaya ya tsaya wa kamfani. MM sayayya da sito, SD sayarwa da kai kaya, PP tsara aikin masana'anta, PM gyaran injuna, HCM kuma ma'aikata da albashi. Amma kada sunayen su ruɗe ka ka ɗauka manhajoji ne daban-daban. Rumbu ɗaya suke zubawa, kuma ga yadda abin yake a aikace. Mai sayayya ya buɗe odar buhu 600 na sukari, da lambar aiki ME21N, wato gajeriyar lambar da ake bugawa a manhajar don buɗe allon wannan aikin. Tirela ta iso, mai sito ya ƙirga ya tarar 590 ne, ya shigar da 590 da lambar MIGO. A daidai wannan daƙiƙar, ba tare da akanta ya taɓa komai ba, darajar kayan sito ta ƙaru a littafin kuɗi, kuma an rubuta a wani asusun wucin gadi cewa an karɓi kaya ba a kawo takardar kuɗinsu ba tukuna. Bayan kwana biyu dila ya aiko da takardar neman kuɗin buhu 600. Akanta ya shigar da ita da lambar MIRO. Manhajar ta gwada abu uku: abin da aka yi oda, abin da aka karɓa, da abin da ake neman a biya. Ba su yi daidai ba, sai ta toshe biyan har a warware zancen buhu 10. Babu wanda ya ɗauki fayil ya haura bene, babu wanda ya ce "ai na faɗa wa oga a waya".

Wannan shi ne abin da SAP ke sayarwa, kuma shi ne dalilin da ya sa ma'aikata da yawa ba sa ƙaunarsa. A wata masana'anta da na yi aiki, mai kula da sito dattijo ne mai gaskiya da ya shekara fiye da 20 a wurin. A da in manaja ya kira shi ya ce a saki kaya, sai ya saki, takarda ta biyo baya. Makon da muka kunna manhajar, motoci suka yi layi a bakin ƙofa saboda babu odar sayarwa a ciki, kuma ba tare da ita ba takardar fita ba za ta bugu ba. Ya dube ni ya ce, "Injiniya, wannan abin naku bai san mutunci ba." Na ce masa, "Baba, gaskiyarka, don haka aka saye shi." Bai yi dariya ba, kuma ban ga laifinsa ba, domin an ƙwace masa wani abu da ya ɗauki shekaru yana ginawa: amanar da ta sa kalmarsa ta isa.

Daga nan ne kuma manyan asarori ke fitowa. Manhajar ta zo da nata tsarin yadda ake aiki. Ko dai kamfani ya canza halinsa ya bi ta, ko ya ɗauko masu rubuta ABAP, harshen da aka gina manhajar da shi, su lanƙwasa ta ta bi shi. Hanya ta biyu tana da daɗi a farko, amma kowace lanƙwasa bashi ce da za a biya ranar da aka zo sabunta manhajar. Kamfanin manyan kantuna na Lidl, wanda shi ma na Jamus ne, ya shafe kimanin shekara 7 yana ƙoƙarin girka SAP, ya watsar da aikin a 2018 bayan an ruwaito ya kashe kusan yuro miliyan 500. Cikin abin da aka ce ya kawo cikas har da cewa Lidl yana ƙiyasta kayansa da farashin saye, tsarin SAP na kantuna kuma da farashin sayarwa, kuma Lidl bai yarda ya canza ba. Kafin nan, a 1999, kamfanin cakulan na Hershey a Amurka ya kunna sabon tsari da ya haɗa SAP da wasu manhajoji biyu gab da lokacin da ya fi ciniki a shekara, ya kasa kai odar kusan dala miliyan 100 alhali kayan suna jibge a sito. A ganina, a irin waɗannan labarai manhajar ba ta cika zama mai laifi ita kaɗai ba. Gaggawa, ƙazantar tsofaffin bayanai, da shugabannin da ke son sabon tsari amma ba sa son a taɓa tsohon hali, su ne kan gaba. Na taɓa tarar da dila ɗaya an yi masa rajista sau huɗu da sunaye masu ɗan bambancin rubutu, kowanne da nasa bashin. Babu manhajar da za ta gyara maka wannan.

Wani abin dariya a tarihin kamfanin shi ne, shekara da shekaru, kaso mai yawa na masu amfani da SAP a kan rumbun bayanai na Oracle suke ɗora shi, alhali Oracle ne babban abokin gabarsa. Wato sau da yawa in SAP ya yi ciniki, sai ya kai wa kishiya cefane. Gabar ta yi tsanani bayan Oracle ya saye kamfanonin manhajar kasuwanci na PeopleSoft da Siebel a tsakiyar shekarun 2000. Har kotu suka je: Oracle ya kai ƙara a 2007 kan wani reshen SAP mai suna TomorrowNow da ya kwashi kayan Oracle ba da izini ba, SAP ya amsa laifin reshen, aka rufe maganar a 2014 da biyan sama da dala miliyan 350.

Mafitar da Hasso Plattner ya nema ita ce su gina nasu rumbun. Shi ne HANA, wanda ya fito a wajajen 2010 zuwa 2011, kuma wani ɓangare na tunaninsa ya taso ne daga cibiyar bincike da Plattner ya kafa a Potsdam. Rumbunan da aka saba suna ajiye bayanai a faifai, a ɗauko su in ana buƙata, shi ya sa babban rahoto kan ɗauki sa'o'i. HANA yana riƙe bayanan ne a ƙwaƙwalwar kwamfuta mai sauri, kuma yana jera su ginshiƙi-ginshiƙi maimakon layi-layi, ta yadda in kana son jimillar ciniki ba sai an karanta sunan kowane kwastoma da adireshinsa ba. A 2015 aka fitar da S/4HANA, magajiyar ECC, wadda ba ta aiki a kan kowane rumbu sai HANA. Ga akanta, babban canjin shi ne an haɗe littafin FI da na CO a teburi guda, don haka tsohon aikin daidaita su a ƙarshen wata ya ragu ƙwarai. An kuma kawo sabuwar fuska mai suna Fiori da ke buɗewa a burauza da waya, a madadin tsohon allon nan mai launin toka da shuɗi da kowa ke kuka da shi.

Sauran kayan kamfanin, yawancinsu saye ya yi. Da ya ga irin su Salesforce da Workday suna cin kasuwa da manhajar haya ta intanet, wadda ba sai ka ajiye na'ura a ofishinka ba, sai ya buɗe lalita. Dama ya riga ya sayi Business Objects na rahotanni a 2008 da Sybase na rumbun bayanai a 2010 kan dala biliyan 5.8, yanzu kuma sai ya ƙara da SuccessFactors na harkar ma'aikata kan biliyan 3.4, Ariba na hulɗa da diloli a 2012 kan biliyan 4.3, sai Concur na kuɗin tafiye-tafiye a 2014 kan biliyan 8.3. Ba duka ne suka yi albarka ba. Qualtrics da aka saya kan dala biliyan 8 a ƙarshen zamanin tsohon shugaban SAP Bill McDermott, an sayar da shi a 2023. Akwai kuma Business One na ƙananan kamfanoni, wanda asalinsa manhajar wani kamfanin Isra'ila ce da aka saya a 2002. Ka kula da wannan: Business One suna kawai ya haɗa shi da S/4HANA, wanda ya iya ɗaya bai iya ɗayan ba.

Yanzu, ƙarƙashin Christian Klein da ke jagorantar kamfanin shi kaɗai tun 2020, duk ƙarfin SAP yana kan tura kwastomomi su koma haya ta intanet, da wani kunshi da ake kira RISE with SAP, ga kuma mataimakin ƙirƙirarriyar basira mai suna Joule da aka sanar a 2023. An sa 2027 a matsayin ƙarshen kulawar yau da kullum ga ECC, da damar ƙarin lokaci zuwa 2030 ga wanda zai ƙara kuɗi. Kamfanoni da yawa suna jan ƙafa, kuma ina fahimtarsu: wanda ya sha wuya ya girka ECC, ya lanƙwasa ta shekara 15, yanzu an ce ya sake sabon lale. Amma ga mai neman aiki irinka, wannan ƙaura ita ce kasuwar.

Ba zan rufe tarihin ba tare da ambaton tabon da ya shafi nahiyarmu ba. A farkon 2024 SAP ya amince ya biya sama da dala miliyan 220 don sasantawa da hukumomin Amurka kan zargin ba da cin hanci ga jami'an gwamnati, musamman a Afirka ta Kudu da Indonesiya. Manhajar da ke hana a biya kuɗin buhu 10 da ba su iso ba, masu sayar da ita sun san ƙofar baya.

Saura batun kuɗinka. Shawarata, kada ka fara da biyan makudan kuɗi ga cibiyoyin da ke alkawarin mai da kai ƙwararre cikin mako shida. Abin da yawancinsu ke koyarwa lambobin aiki ne da inda ake dannawa, wannan kuwa duk kamfanin da ya ɗauke ka zai koya maka shi cikin wata guda. Kuma ka bambance abu biyu. Tallan da ke cewa ana son akanta da ya iya SAP, mai amfani da manhajar ake nema. Mai girka ta da saita ta sana'a ce daban, ta fi kuɗi, amma da wuya a ɗauki wanda bai taɓa zama a ofishin lissafi ya rufe wata ba. SAP yana da darussa na kyauta a shafinsa na koyo, fara da su ka ga fuskar S/4HANA, ka bar ECC sai in aiki ya kai ka gare ta. Sannan ka ɗauki takarda da biro ka bi sayayya ɗaya daga oda har biya, da ciniki ɗaya daga oda har karɓar kuɗi, kana rubuta wane asusu ake zarewa wane ake zubawa a kowane mataki. In an kira ka ganawa, tambayar da na fi yi wa masu neman aikin FI ita ce: an karɓi kaya a sito amma takardar kuɗinsu ba ta iso ba har wata ya ƙare, ina kuɗin yake zaune a littafi, kuma wa zai share shi? In ma inda kake hidimar ƙasa akwai sito, je ka roƙi mai kula da shi ya bar ka ka zauna kusa da shi ranar da ake sauke kaya.